Taswirar Rani a Tsakiyar Damana

Murjanatu: Salamu alaikum. Alo? Surajo, kana ji na?

Surajo: Wa alaikumus salam. Adda, ke ce?

Murjanatu: Ni ce. Alhamdu lillahi, ta dai shiga. Ina wuni?

Surajo: Lahiya lau, Adda. Ina gajiya?

Murjanatu: Ba gajiya. Ya hanya?

Surajo: Hanya kam sai godiya. Ya maigidan, Malam Abdussalam?

Murjanatu: Lahiya lau, shina nan wurin maza.

Surajo: Ya su Rahma?

Murjanatu: Na baro su Maiyama wurin kakarsu. Ya ka baro mutanen Jega? Ya matarka Iklima da nauyin jiki?

Surajo: Da sauƙi, ƙahwahu ne dai ke kumbura. Tana gaishe ki.

Murjanatu: Ina amsawa. Ya ruwa?

Surajo: Ruwa ya yi gyara, ni ne dai bai gyara ba, wandona taɓo har gwiwa. Ya jikin Kawu Tamu? Ya samu barci jiya?

Murjanatu: Ya Inna? Ba ta galabaita bisa mashin ba?

Surajo: Ta galabaita mana. Tsohuwa bisa mashin tun hantsi. Inda taɓo ya yi yawa sai mun sauka, ni in tura ita ta taka. Amma ko uhum ba ta ce ba, tunda wurin wanta za ta.

Murjanatu: Kuna ina yanzu?

Surajo: Ai mun iso.

Murjanatu: Kun iso?

Surajo: Tun ɗazu. Ku ne ban gani ba.

Murjanatu: Surajo, ina tsaye bakin ruga wurin turakun maruƙa, nan kaɗai waya ke kamawa. Hanya ɗaya ke shigowa kuma idona na kanta. Ko akuya ba ta wuce ba.

Surajo: To ni ma ga ni tsaye bisa wani suri, nan na samu sabis. Ɗaga hannu in gani.

Murjanatu: Na ɗaga.

Surajo: Ban gani ba. Ɗaga gyale.

Murjanatu: Kai, ni ba wasa na kira ka mu yi ba. Wa ya ce maka kun iso?

Surajo: Matar cikin waya. Da bakinta ta faɗa, da Turanci.

Murjanatu: Wace mata kuma?

Surajo: Ta taswira, Adda. Wadda ke cewa bi dama, bi hagu. Ita ta jawo mu tun daga unguwarmu, Jega Firchin, har nan, ba mu tambayi kowa ba. Ga shuɗin ɗigo, mu ke nan, ya hau bisa jan ɗigo, wato rugar Kawu. Sun haɗe.

Murjanatu: Bar kallon waya, ɗaga kai. Mi kake gani?

Surajo: Gero. Gero ya kai min ƙirji, gabas da yamma. Ga kukar nan, ga rijiyar da munka sha ruwa wancan zuwan. Bukka ce dai babu ko ɗaya, shanu ko kashinsu.

Murjanatu: Wace kuka? Nan babu kuka, sabara ce ko'ina. Wane gari kunka wuce na ƙarshe?

Surajo: Mi kinka ce? Maganarki na yankewa.

Murjanatu: Na ce wane gari kunka wuce?

Surajo: Kashin Zama.

Murjanatu: Kashin Zama ta Aliero?

Surajo: Akwai wata ne?

Murjanatu: Ya Rabbi. Surajo, mu muna bayan Maiyama.

Surajo: Bayan ina?

Murjanatu: Maiyama. Kun ba mu baya tun daga Jega. Kowane taku da kunka yi yau nesa da mu kunka yi shi.

Surajo: A'a, tsaya. Ni da ƙahwata na zo nan gaishe shi da rani, lokacin cirar albasa. Na tsaya ƙohwar bukkarshi na danna alama cikin taswira, har na rubuta mata suna, Gidan Kawu. Ga shi nan ina karantawa.

Murjanatu: Gidan Kawu. Yaushe ka taɓa ganin Kawu da gida? Wannan gonar mutane ce. Mai gona ke kiran su da rani su zauna, shanu su zuba mishi taki. Ruwa na sauka su kwashe bukkokinsu ya yi shuka. Kowace damana nan bayan Maiyama suke komowa, tun muna yara.

Surajo: Ni ban taɓa zuwa da damana ba.

Murjanatu: Shi ya sa jiya na ce ku biyo ta Maiyama baban Rahma ya jira ku. Ka ce a'a, mu wuce, wurin na cikin wayarka. Na ɗauka Aminullahi ɗan Kawu ya yi maka kwatance.

Surajo: Ni kuma na ɗauka gidanku kike son mu biyo ki ba mu abinci, na ce ɓata lokaci ne.

Murjanatu: Ita Inna ba ta ce komi ba da ta ga kun kama hanyar Sakkwato?

Surajo: Inna da idon nan nata? Ta lulluɓe huska saboda iska. Ta dai tambaye ni ko na san hanya, na ce tana cikin waya, ta ce to madalla. Kin san wahalar da na sha kan abin ga? Jiya bayan la'asar na tahi shagon mai intanet na zauna, na goge hotunan bikina kusan rabi don in samu wuri, na sauke taswirar cikin waya saboda na san daji ba sabis. Har na ce yau ba mai ganin na tsaya ina tambayar masu noma hanya kamar baƙo.

Murjanatu: Ga shi ba ka tambaya ba.

Surajo: Na tambaya daga baya. Wani mai shema, shina cire ciyawa can ƙarshen gona, ya ce Fulanin sun tashi tun ruwan hwari, bai san inda sunka yi ba. Ya ce in yi hankali kada mashin ya karya mishi gero.

Murjanatu: Hmm.

Surajo: To ba komi, ai ba a ɓata ba. Inna ta gaji, ni ma bayana kamar an sara. Bari mu lallaɓa mu koma Jega ta kwana ta huta, gobe da sassahe sai mu kamo hanyar Maiyama. Ki gaya wa Kawu ya yi haƙuri, gobe war haka ƙanwarshi na gabanshi.

Murjanatu: Surajo.

Surajo: Na'am.

Murjanatu: Inna na kusa da kai?

Surajo: Tana can gindin kuka, ta yi azahar tana lazimi. Mi ya hwaru?

Murjanatu: Ba ta jin ka?

Surajo: Ba ta ji. Adda, na tambaye ki jikin Kawu tun ɗazu kin tsallake.

Murjanatu: Babu gobe, Surajo. Kawu ya cika. Da hantsi, ina jin kuna fita Jega ke nan.

Surajo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Murjanatu: Tun lokacin nike neman layinka, ba ya shiga. Na yi ta cewa suna hanya, suna hanya.

Surajo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan shi. Allah ya gahwarta mishi.

Murjanatu: Amin. Rage murya.

Surajo: Bari in zauna. Alo? Kina ji?

Murjanatu: Ka tashi tsaye, in ka zauna muryarka na nutsewa.

Surajo: Na tashi. An kai shi?

Murjanatu: Ba a kai shi ba, shi ne abin da na kira ka. An yi mishi wanka, an sa likkahwani, amma Aminullahi ya hana a ruhe huskar. Ya ce duk ɗakin su Kawu Inna kaɗai ta rage, sai ta zo ta gan shi ta yi mishi addu'a. Dattawa sun so a yi salla da azahar, ya roƙe su sunka ce to, la'asar. Yanzu kuma ga hadari ya haɗo gabas, baƙi ƙirin, kabari kuwa an riga an gina. Liman ya ce in ruwa ya sauka ramin cika zai yi, ƙasar nan laka ce.

Surajo: La'asar. Adda, dubi rana.

Murjanatu: Ita nike kallo.

Surajo: Daga nan zuwa kwalta kaɗai, da taɓon ga da tsohuwa baya, sai an sha wuya. Sannan Jega, sannan Maiyama, sannan daji. Tsaya in duba mi wayar za ta ce. Mi ne sunan wurin?

Murjanatu: Wane suna? Ruga ce.

Surajo: Garin da ke kusa.

Murjanatu: Akwai wata tunga da munka wuce mai masallacin kara, ban tambayi sunanta ba. Daga kwalta an bi burtali, an ƙetare wani rahi, sai a yi hagu. Ko dama. Ni ina bayan mashin ina riƙe da kwano, Aminullahi ke gaba muna bin shi.

Surajo: Bari in ja taswirar ƙasa in ga burtalin. Ga Aliero. Ga Jega. Ga gada. Ga... kai.

Murjanatu: Mi ne?

Surajo: Ta ƙare.

Murjanatu: Mi ya ƙare? Caji?

Surajo: Taswirar. In za ka sauke ta sai ka zana iyakar inda kake so, kamar ka yanki yadi. Ni wurin waya ya yi min kaɗan, sai na yanko Jega da Aliero kawai, tunda nan za mu. Kaɗan bayan gadar Jega ta tsaya. Daga nan duk toka-toka ne, ko layi ɗaya babu. Maiyama sunanta kaɗai ke yawo cikin hili.

Murjanatu: To ka sauke sauran.

Surajo: Da wane sabis? Nan da ƙyar murya ke wucewa. Sai Jega. Malam Abdussalam ba shi da babbar waya? Ya turo min inda kuke, in na kai Jega ta shigo.

Murjanatu: Ya gwada tun ɗazu zai tura wa dangi da ke garin Gehuru, abin sai juyawa yake. Nan ma murya ce kawai, ita ma sai gindin turken ga.

Surajo: To ya hito kwalta ya jira mu.

Murjanatu: Zai hito. Ba hanyar ce damuwata ba yanzu, ko da an shimfiɗa maka ita kamar tabarma. Za ku kawo kahin la'asar?

Surajo: In ni kaɗai ne, in na saki mashin, wataƙila in tarar ana dawowa daga maƙabarta. Da Inna, sai magariba. Ƙarya ce ba ni yi miki.

Murjanatu: Magariba.

Surajo: Ki roƙe su. Ki ce Aminullahi ya ƙara roƙonsu.

Murjanatu: Da wane baki? Mutane sun baro shanu da gonaki tun sahe suna zaune. Goggo Hamsatu, matarshi, ko ruwa ba ta sha ba, tana zaune kusa da kanshi tana kore ƙuda. Kowa ya ji ƙarar mashin sai ya miƙe. Shi ma haka ya yi jiya har bakinshi ya ruhe, duk mashin ɗin da ya wuce burtali sai ya ce a duba ko ƙanwarshi ce.

Surajo: Kada ki gaya min wannan, Adda.

Murjanatu: To wa zan gaya wa? Ni kaɗai ke ɗauke da shi tun sahe. Na gaji, Surajo, wallahi na gaji. Na yi kuka har ya ƙare, yanzu kaina kawai ke sarawa.

Surajo: Yi haƙuri.

Murjanatu: Ga Aminullahi can ya taho, ya ga ina waya. Tsaya. Awo, su ne. A'a, ba su kusa. Aliero. Aliero na ce. Wurin da kunka yi rani.

Surajo: Mi ya ce?

Murjanatu: Ya dubi gabas, ya dube ni. Ya ce in tambaye ka tsakani da Allah, ya tsai da mutane ko ya sake su.

Surajo: Ni zan yanke wannan?

Murjanatu: Ba kai ba, ita. Sai ka je ka gaya mata.

Surajo: Ba ni iyawa.

Murjanatu: Kai ke gabanta.

Surajo: Adda, kin san abin da ke ɗaure bayan mashin ɗin ga? Bargo sabo, ta ce sanyin damana ke kama mishi ƙirji. Da dambun da ta tashi tun asuba ta yi, don shi yake so tun suna yara. Duk hanya tana taɓawa ko ya zube. In je in ce mata mi? In ce na kawo ki gonar gero, wanki kuma shina can an naɗe shi?

Murjanatu: To mi kake so a yi?

Surajo: In ɗauke ta mu kamo hanya. In ce mata sun tashi, suna Maiyama. In mun iso ke ki gaya mata, ku mata kun fi iya wannan.

Murjanatu: Ta sha wannan doguwar tahiya tana murna, ta sauka ta tarar da sabon kabari? Ta ce mun sani munka bar ta tana riƙon dambu? Ba ta yahe mana, kuma da gaskiyarta.

Surajo: In kuma na gaya mata nan ta hwaɗi fa? Daji ne, ba kowa sai mai shema. Hawan jininta kin san shi.

Murjanatu: Na sani. Ka ji iska ta taso? Zanena take ja. Katina ma ya kusa ƙarewa, tun ɗazu wayar ta yi min gargaɗi. Ka yi wani abu, Surajo, ko wane ne.

Surajo: Tsaya. Ta tashi.

Murjanatu: Wa?

Surajo: Inna. Tana tahowa nan, tana laluben gero. Inna, ki tsaya nan, akwai rami, ga ni nan saukowa. Inna... Adda ce. Gaisuwa ce kawai, tana tambayar hanya.

Inna: Ba ni.

Surajo: Inna, sabis ɗin sai bisa surin ga.

Inna: To kama hannuna in hau. Riƙe ni da kyau. Ina ake magana, nan? Ke.

Murjanatu: Na'am, Inna. Ina wuni? Ya gajiyar hanya?

Inna: Yaushe?

Murjanatu: Inna...

Inna: Idona ne ya mutu, kunnena na nan. Na ji yaron ga ya yi salati har sau biyu. Yaushe?

Murjanatu: Da hantsi, Inna. Cikin sauƙi. Da kalmar shahada a bakinshi, Goggo Hamsatu na riƙe da shi.

Inna: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhamdu lillahi. Allah ya sa ya huta. Kai, bar jijjiga ni, ba hwaɗuwa zan yi ba. An kai shi?

Murjanatu: Ke ake jira. Ba a ruhe huskarshi ba. Amma kuna Aliero, mu muna bayan Maiyama, ga hadari ya taso, ga kabari buɗe.

Inna: Muna iya kawowa?

Murjanatu: Surajo ya ce sai magariba.

Surajo: Inna, laihina ne. Wayar ce na...

Inna: Yi min shiru, ba yanzu ba. Ke, Aminullahi na nan?

Murjanatu: Ga shi tsaye.

Inna: Ki ce mishi na gode, Allah ya yi mishi albarka. Ki ce su kai shi. Ba a ajiye mamaci don mai rai. Mutumin da ya ƙare rayuwarshi ruwa na dukanshi bayan shanu, kada yau ma ya kwanta cikin ruwa saboda ni.

Murjanatu: To, Inna. Aminullahi, ta ce ku kai shi. Ya ji. Ya tahi wurin liman.

Inna: Saura abu ɗaya. Kahin su shiga, ki kai min wayar ga wurinshi. Ki aza kusa da kunnenshi.

Murjanatu: Inna, nan gindin turke kaɗai take kamawa. In na shiga bukka ɗaukewa za ta yi.

Inna: Ki dai tahi.

Murjanatu: To. Ina tahiya. Kina ji na? Na wuce turaku. Ga mata nan bakin... Goggo, Inna ce, ta ce... ku ɗan ba ni... na duƙa, ina shi... Inna, ga shi na a...

Inna: Hamma. Ni ce. Na taso tun sahe, Allah bai nuhwa ba. Na zo inda ka yi rani, gero ya yi kyau ƙwarai, takin shanunka bai tahi banza ba. Na yahe maka duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba. Kai ma ka yahe min. Ka riƙe ni da babanmu ya rasu, ba ka taɓa bari na kwana da yunwa ba, ban manta ba. Allah ya haskaka makwancinka, ya sada ka da innarmu da...

Surajo: Inna. Ta yanke. Tun da ta shiga bukka ta yanke.

Inna: Na sani. Riƙe min ita nan, hannuna ya gaji. Ban gama ba.